Randar Gindin Tsamiya

Ranar Alhamis da hantsi aka sami gawar Ismail mai awon ƙasa a cikin Gandun Mikiya, kwance a inuwar wani dutse da ba ta kai faɗin tabarma ba. Ungulaye ne suka nuna wa masu nema wurin. Babu rauni a jikinsa, babu jini. Leɓɓansa sun tsattsage, harshensa ya kumbura, ga gorar ruwa a hannunsa babu ko ɗigo a ciki. Duk wanda ya ga gorar nan ya shaida ta, domin a duk Tudun Maje Haladu ne kaɗai ke ɗaure wuyan gorarsa da jar fata. Haladun kuwa shi ne ɗan jagorar da ya shiga da mamacin tun ranar Talata.

Sunana Badaru. Shekara arba'in ina bin sawu a ƙasar Gwaram, na ɓarayin shanu da na yaran da suka ɓata, kuma har yau mutanenmu ba su koyi abu ɗaya ba: sai sun tattake wuri da ƙafa hamsin sannan su tuna akwai wani tsoho mai karanta ƙasa. Wannan karon ma haka suka yi mini.

Gandun Mikiya ba dajin wasa ba ne. Duwatsu ne da rairayi da ƙayoyi, gwamnati ta killace shi tun muna samari, ba noma, ba sara, ba kiwo. Da bazara mutane kan kira shi ƙaramar hamada, kuma ba zolaya suke yi ba. Ruwa ɗaya ne a cikinsa, wata randa da aka binne har wuya a gindin tsamiya, tafiyar awa biyu daga ƙofa. Mai gadin gandun, Maikano, shi ke cika ta duk Juma'a da jakinsa. Ranar Talatar nan an tarar da randar a bushe.

*

Da na isa ƙofar gidan dagaci, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Haladu ya kwashe ruwan ya ba shanunsa, ya kai baƙo inda babu ruwa, ya gudu ya bar shi. Samari suna maganar zuwa rugar su Haladu da ashana. Rugar nan ta fi wasu gidajen garin daɗewa, tare muke sallah, tare muke biki, amma ranar nan sai na ji ana cewa "mutanen can". Raina ya ɓaci ƙwarai.

Dagaci ya ja ni cikin zaure ya ce, "Malam Badaru, na kulle yaron don kada su kashe shi. Sufeto zai zo daga Gwaram gobe bayan la'asar. Ba zan iya riƙe samarin nan fiye da haka ba."

Na sami Haladu a ɗakin ajiye hatsi, ya haɗa kai da gwiwa. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma da ya ɗago kai sai na ga tsoro irin na yaro a idonsa.

"Faɗa mini tun daga ƙofa," na ce masa.

"Baba, bayan asuba muka shiga. Jarka ɗaya ya riƙo, ni da gorata. Kafin mu kai tsamiya mun kusa shanye jarkar, don ya ce an tabbatar masa akwai ruwa a can. Na buɗe randa, wallahi ko laima babu. Na ce Malam mu koma, doka ce. Ya ce awa ɗaya kawai yake buƙata ya auna dutsen gabas, ba zai sake ɗauko ƙafa daga Birnin Kudu ba. Na roƙe shi, ya ce in tsoro nake ji in tafi."

"Sai ka tafi."

"Rugarmu ta fi ƙofa kusa. Na ba shi gorata, na ce ya zauna a inuwar tsamiya kada ya motsa. Na je na dawo da ruwa kafin azahar, ban gan shi ba. Na yi ta kira har rana ta faɗi."

"Me ya hana ka zuwa gari a ranar?"

Ya ce, "Na san abin da za a ce, Baba. Ga shi kuwa an ce."

Wannan tsoron nasa ya ci kwana guda da wataƙila da an sami mutumin da rai, na kuwa faɗa masa haka ba tare da na sassauta ba. Amma mutumin da ya yi niyyar kashe wani da ƙishi ba ya miƙa masa gorarsa.

*

Daga nan na wuce ƙofar gandu wajen Maikano. Ba baƙona ba ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, shi ya raka ni neman aure, babban ɗana sunansa ya ci. Bai taɓa haihuwa ba, matarsa ta rasu da daɗewa, sai ya mai da itatuwan gandun nan 'ya'yansa. Mutum ne da zai bi ka har gida da faɗa a kan reshe ɗaya.

Yana zaune ƙarƙashin allon dokokin da shi ya rubuta da fenti, ya miƙe ƙafar dama da ke masa ciwo. Na san allon kamar tafin hannuna. A rubuta suna a littafi. A shiga bayan asuba, a fito kafin rana ta take. Ba shiga sai da ɗan jagora. A faɗa wa na gida inda za a je da lokacin dawowa. Ta biyar an rubuta ta da jan fenti: in ka tarar da randa babu ruwa, ka juyo nan take.

"Yaushe rabonka da tsamiya?" na tambaye shi.

"Juma'ar da ta wuce. Na cika ta har baki, na rufe. Tun daga nan ban sake taka wurin ba. Ko neman da aka yi ban je ba, ƙafar nan ta hana."

"Ka san abin da ya kawo mutumin?"

"Ina zan sani? Ya rubuta suna, ya wuce. Na ɗauka irin masu ɗaukar hoton duwatsun nan ne."

Ya zuba mini ruwa a moɗa, na sha. Na yi masa sallama na tafi.

*

Na bi motar da ta kai gawar Birnin Kudu. Bayan an dawo daga maƙabarta na roƙi yayan mamacin ya nema mini izinin magana da matar, Hidaya. Ta shiga takaba, saboda haka a ƙofar ɗaki na tsaya, tana bayan labule, yayan yana gefena.

"Allah Ya jiƙansa," na ce. "Ki yi haƙuri da tambayata. Maigidanki mai ganganci ne?"

"Baba, mutumin da ko Dutse zai je sai ya rubuta abin da zai riƙa?" Muryarta ta dishe. "Ranar Lahadi ya buga wa mai gadin wurin waya a gabana, ya tambaye shi komai. Yana faɗa masa yana rubutawa."

Hannu ya fito ta gefen labule da wata takarda. Yayan ya karanta mini, don idona ƙasa kawai yake karantawa. Malfa. Takalmi mai rufin ƙafa saboda ƙaya da kunama. Riga mai dogon hannu, fara. Dabino da ƙuli-ƙuli, kada a ci abu mai gishiri da yawa. Waya ba ta kamawa bayan dutsen farko. A ƙarshe an ja layi ƙarƙashin magana ɗaya: jarka ɗaya ta isa, akwai randa cike a tsamiya.

"Da jarka uku ya yi niyyar tafiya," in ji ta. "Ni na wanke su. Da aka ce masa haka sai ya bar biyu. Ga su nan a bayan ƙofa, na kasa kallonsu."

"Ya faɗa wa mai gadin aikin da zai kai shi?"

"Ya faɗa. Ya ce wani kamfanin fasa dutse ne ya aiko shi ya auna gefen gabas. Na ji tsohon ya yi shiru har Ismail ya ɗauka layin ne ya yanke."

A hanyar komawa na yi ta nema wa Maikano uzuri. Na ce mantuwa ce. Na ce kunya ce ta hana shi faɗa, tunda shawararsa ce ta rage wa mutumin ruwa. Mutum yakan yi wa kansa ƙarya idan abokinsa ne a gaba, ni ma na yi.

*

Washegari Juma'a, ina sallame asuba na shiga gandu da jarka biyu a kafaɗa. Gindin tsamiya kamar an ci kasuwa a wurin, masu nema sun gama da shi. Sai na yi abin da na saba, na bar tsakiya na zagaya gefe. Na ga sawun shanu, amma bakin sawun ya zube, kashin ya bushe ya yi fari, sun fi wata guda. Maganar Haladu da shanunsa ta faɗi ke nan.

Can ta arewa na tsinci wani sawu dabam, takalmin taya mai faci a diddigen hagu, ya zo sau biyu ya koma sau biyu. Wallahi daɗi na ji, don ba na Maikano ba ne. Na bi shi cikin wani kwari har hancina ya ɗauki warin hayaƙi. Na tarar da Ɗanbala mai gawayi tsugune gaban raminsa, ya sare marke uku.

Yana ganina ya zabura zai gudu, na ce, "Zauna. Na san gidanku, na san uwarka."

Ya zauna.

"Kai ka kwashe ruwan randa ka kashe wutarka da shi?"

"Baba Badaru, da ƙasa ake kashe gawayi, kai ma ka sani. Sata nake yi a dajin nan, ban musa ba. Amma randar nan ita ke riƙe da raina, in na kwashe ta me zan sha?"

"Yaushe ka je?"

"Litinin da safe na sha moɗa biyu, tana cike. Talata da sassafe na koma, tun kafin su iso, na tarar an share ta tas. An mai da murfi, an kife moɗar a kai yadda aka saba. Na zagi wanda ya yi, na tafi gida."

Na duba ƙafarsa, na duba ramin, babu alamar an kawo ruwa mai yawa wurin. Ɓarawo ne, amma gaskiya ya faɗa. Na ce ya zo ƙofar dagaci bayan la'asar da ƙafarsa, in ba haka ba ni zan zo da tawa.

Na koma tsamiya na zauna kusa da randar. Jarka shida take ci. An binne ta, ba ta kifuwa, sai dai a kwashe da moɗa. Mai mugunta cikin gaggawa zai fasa ta da dutse, ko ya watsar da ruwan nan gefe, kuma ruwa mai yawa haka in ya zuba a rairayi yakan bar ɓawo ko bayan ya bushe. Na tona ko'ina kewaye da ita, babu ɓawo. To ina jarka shida ta tafi?

Ƙudan zuma ne suka ba ni amsa. Na ga ɗaya ya wuce ƙasa-ƙasa, sai wani, duk suna bi ta bayan wani faffaɗan dutse da ke yamma da tsamiyar. Da bazara zuma ba ta sauka ƙasa sai don danshi. Na hau dutsen, inda ƙafa ba ta barin sawu, na yi taku talatin na sauka ta baya.

Dashe bakwai ne a jere, 'yan tsamiyoyi da ba su wuce gwiwata ba. Kowanne an yi masa gurbi zagaye, an rufe da busasshen ganye, an jingina masa dutse ta yamma saboda zafin la'asar. Mutum ɗaya ne a duniyar nan yake dashe haka. Na ɗaga ganyen na farko na cusa yatsa, ƙasar ta kama yatsana da sanyi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk haka, an raba musu daidai, babu wanda aka fifita. A irin zafin nan ruwan da aka zuba kwana bakwai da suka wuce ba ya barin ko alama. Wannan bai fi kwana huɗu ba.

Maikano ya san yadda nake aiki, shi ya sa ya bi ta kan dutse. Duk dabarar ta yi, sai abu ɗaya: hannun da ya shekara talatin yana jigilar ruwa a bayan jaki ba zai iya zubar da shi a banza ba. Na zauna a wurin na yi kuka, ni kaɗai, kamar ba tsoho ba. Sannan na ɗebi ƙasar cikin leda na ƙulle.

*

Ban ji huɗubar Juma'ar nan ba ko da yake ina cikin sahu. Maikano yana gefena kamar kullum, kafaɗarsa na taɓa tawa. Na yi tunanin zubar da ledar. Ɗanbala ɓarawon itace ne, ba mai tausaya masa, Haladu kuma ya riga ya yi laifin ɓoye magana. In na yi shiru, babu mai sani. Amma muna fitowa masallaci na hango matar Haladu can nesa da goyo a baya, ta kawo masa fura, samari sun tare hanya sun hana ta wucewa.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar dagaci. Sufeto yana kan kujera, yayan mamacin ya zo daga Birnin Kudu, an fito da Haladu, Ɗanbala ya raɓe a gefe, Maikano yana kan tabarmar dattawa. Gari kaf ya kewaye mu.

Na fara da sawun shanu, na ce ya fi wata guda. Na ce gorar da kuke kira shaida, Haladu ne ya ba mamacin da hannunsa. Wani saurayi ya ce, "To wa ya kwashe ruwan?" Na sa Ɗanbala ya maimaita abin da ya faɗa mini, jama'a suka juya kansa da hayaniya har sai da Sufeto ya daka tsawa.

"Ba shi ba ne," na ce. Na juya wajen tabarmar dattawa. "Maikano, jiya ka ce mini ba ka san aikin da ya kawo mutumin nan ba."

"Haka na ce."

"Matarsa ta ji ya faɗa maka a waya ranar Lahadi. Ga takardar da ya rubuta shawararka. Ka kuma ce rabonka da tsamiya tun waccan Juma'ar."

Na kwance ledar, na juye ƙasar a gabansa kan tabarma. Ta fito dunƙule, baƙa, ba ta watse ba. Manoma ne suka cika wurin, ba wanda ya buƙaci bayani a kan ƙasa mai danshi a tsakiyar bazara.

"Daga bayan faffaɗan dutse na ɗebo ta," na ce.

Ya daɗe yana kallonta. Ya sa yatsa ya taɓa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Duka bakwai ɗin suna raye?"

"Suna raye."

Ya gyaɗa kai. Daga nesa ana jin kukan goyon matar Haladu.

"Litinin da yamma na je," in ji shi. "Ban yi nufin ransa ba, Allah Shi ne shaida. Na ce in ya tarar babu ruwa zai juyo, doka ta biyar ce, da hannuna na rubuta ta. Shekara talatin ban ga wanda ya ƙi juyowa ba. Na ce in ya sha wahala sau ɗaya zai gaya wa masu aiko shi wurin ba ya shiguwa, su bar mini dajin. Na rage masa jarka don kada ya sami abin ci gaba."

Yayan mamacin ya miƙe tsaye. "Ranar Talata da ba su fito ba, me ka yi? Sunansa yana cikin littafinka!"

"Na zauna a ƙofa ina jira."

"Laraba fa?"

"Na zauna."

Wannan ce maganar da ta fi yi mini ciwo, har yau. Yana da jaki, yana da ruwa, ya san dajin fiye da kowa. Tsoron kada a gane shi ne ya zaunar da shi, ya kuma zauna yana ji ana shirin ƙona rugar Haladu.

Samarin da suka zo da ashana suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba wanda ya dubi Haladu, balle ya ba shi haƙuri. Sufeto ya kama hannun Maikano ya ɗaga shi a hankali saboda ƙafar. Da suka zo wucewa ta gabana Maikano ya tsaya. Na ɗauka zai zage ni, ko ya ce in yafe masa.

"Badaru," ya ce, "yau Juma'a, ba a cika randar ba. Jakin yana bayan gida."

*

Haladu bai ƙara kwana uku a ƙasarmu ba. Ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi kudu, ya ce ba zai iya sallah a sahu ɗaya da waɗanda suka sayi ashana dominsa ba. Kamfanin ya aiko wani mai awon bayan wata biyu, da mota cike da ruwa, ya gama aikinsa a yini ɗaya. Maikano bai ga damina ba, a tsare ya rasu kafin a gama shari'a.

Ni nake cika randar yanzu, duk Juma'a, da jakinsa. In baƙo ya zo yana tambayar abin da zai riƙa, ina karanta masa allon da ka, sannan in ƙara tawa: ka ɗauki jarka uku, ko wa ya ce maka akwai ruwa a gaba, ko da ni ne.

In na gama cikawa nakan haura faffaɗan dutsen da abin da ya rage. Dashen sun kai ƙuguna, duka bakwai, ganye shar. Ina zuba musu, amma ba na tsayawa kallonsu.